Na harhaɗa Readline da hannuna, yanzu gawk ya ƙi tashi

MalamSani_Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan wata matsala da ta same ni jiya da yamma. Ina koyar da matasa rubuta manhaja a wata ƙaramar cibiya a nan Garwa, kwamfutocinmu 12 ne kuma dukkansu Ubuntu 22.04 ke kansu. Python ɗin da ya zo da tsarin 3.10 ne, darussan da na shirya kuwa sun fi dacewa da 3.12, don haka na sauko da tushensa na harhaɗa shi a kan kwamfuta ɗaya domin gwaji. Ya tashi lafiya, sai dai idan na shiga cikinsa na danna kibiyar sama domin dawo da layin da na rubuta a baya, layin ba ya dawowa, sai ^[[A ya fito, kibiyar hagu kuma ta ba da ^[[D. Ɗalibin da ke kuskure a kusan kowane layi ba zai iya koyo a haka ba, domin duk harafin da ya ɓata sai ya goge layin ya sake rubuta shi daga farko.

Da na bincika sai na gane cewa laburaren Readline, wanda ke kula da gyaran layi da dawo da umarnin baya, shi ne Python bai samu ba a lokacin harhaɗawa. Na sauko da readline-8.2.tar.gz, na warware shi, na yi ./configure, na yi make, sannan sudo make install. A ƙarshe ya rubuta cewa wataƙila ina buƙatar gudanar da ldconfig, na gudanar. Tun daga wannan lokaci gawk, manhajar sarrafa bayanan rubutu, wanda da shi nake lissafin makin ɗalibai da kuɗin wata, ya daina tashi. Abin da yake faɗa shi ne: symbol lookup error: /usr/local/lib/libreadline.so.8: undefined symbol: UP. Bash, manhajar da ke karɓar umarni a taga, yana aiki kamar yadda ya saba. Mene ne wannan UP, me ya haɗa gawk da abin da na girka alhali ban taɓa shi ba, kuma yaya zan gyara ba tare da na sake ɗora tsarin gaba ɗaya ba?

Injiniya_Dang

Wa alaikumus salam Malam Sani. Ka kwantar da hankalinka, babu abin da ya lalace, kuma ba za ka sake ɗora komai ba. Ubuntu 22.04 ya riga ya zo da Readline 8.1, yana ajiye a /usr/lib/x86_64-linux-gnu, kuma sunan da manhajoji ke kiransa da shi shi ne libreadline.so.8. Wanda ka harhaɗa, 8.2, shi ma sunansa ke nan, domin lambar farko ce kawai ke shiga wannan suna. Da ka gudanar da ldconfig, sai ya sabunta rajistar laburarori, kuma a Debian da Ubuntu /usr/local/lib yana zuwa gaba da wurin tsarin. Saboda haka duk manhajar da ta nemi libreadline.so.8 naka ake miƙa mata yanzu, har da gawk.

UP kuwa ba na Readline ba ne. Ɗaya ne daga cikin sunayen tsohon tsarin termcap, tare da BC da PC da tputs da tgetent, waɗanda ake amfani da su wajen motsa alamar rubutu a kan allo, kuma a Ubuntu suna cikin libtinfo, wanda ɓangare ne na ncurses. Idan aka harhaɗa Readline yadda ya zo, ba a ƙulla shi da kowane laburaren termcap, an bar wa manhajar da za ta yi amfani da shi ta zaɓi wanda take so. Masu Debian, wanda Ubuntu ya samo asali daga gare shi, suna ƙulla nasu da libtinfo, don haka gawk ya dogara da cewa Readline zai zo da shi. Naka bai zo da shi ba. Ka gwada ldd /usr/local/lib/libreadline.so.8, za ka ga babu libtinfo a jerin laburarorin da ya dogara da su.

Ka koma cikin foldar da ka yi harhaɗawar, ka yi sudo make uninstall, sannan sudo ldconfig, sannan ldd /usr/bin/gawk domin ka tabbatar ya koma kan na tsarin. Bash bai girgiza ba ne saboda yana ɗauke da kwafinsa na Readline a cikin jikinsa, ba ya neman na waje.

Aminu_Kusiri

Bayanin Injiniya daidai ne, amma ni a ganina ya kamata a faɗi abin da ya fi muhimmanci: tun farko babu buƙatar harhaɗa Readline. Laburaren yana nan a kwamfutar, abin da babu shi ne fayilolin .h da mai harhaɗawa ke karantawa, kuma suna cikin ƙunshin libreadline-dev. Da Malam ya yi sudo apt install libreadline-dev, ya sake gudanar da configure na Python, da magana ta ƙare cikin minti biyar. A Fedora da danginsa sunan ƙunshin readline-devel ne. Ƙa'idata a wurin aiki ita ce duk abin da apt, mai girka ƙunsosin tsarin, yake da shi ba na girka shi da hannu.

MalamSani_Garwa

Allah ya saka da alheri Injiniya. Na yi make uninstall da ldconfig, gawk ya dawo, na ga alƙaluman ɗalibaina yadda na bar su. Malam Aminu, na karɓi gyaranka, ban san da libreadline-dev ba. Sai dai akwai dalilin da ya sa hankalina ya tafi ga tushe. Kwamfutocin cibiyar ba su da intanet, da wayata nake sauko da abu in ɗora a filashi in kai musu. Fayil ɗin Readline bai wuce kusan megabait 3 ba, guda ɗaya ne, kuma na san zai isa dukkan kwamfutocin. Da apt kuwa, sai an fara sabunta jerin ƙunsosi, wanda shi kaɗai yana cin data fiye da haka nesa ba kusa ba, kuma a kowace kwamfuta.

Hajara_Injamena

Malam Sani, wannan uzuri ne da duk wanda ke aiki a yankinmu zai fahimta, amma akwai hanyar da ta fi. Ka haɗa kwamfuta ɗaya tak da wayarka, ka yi apt update sau ɗaya, sannan sudo apt install --download-only libreadline-dev. Fayilolin .deb za su taru a /var/cache/apt/archives, ka kwashe su a filashi, a sauran kwamfutocin ka girka su da dpkg -i. Abu ɗaya ne za ka kula da shi, wanda ya taɓa ɓata mini yini guda: libreadline-dev yana buƙatar libncurses-dev, shi kuma yana buƙatar sigarsa ta yi daidai harafi da harafi da libtinfo6 da libncursesw6 da ke kan kwamfutar. Idan an fitar da gyaran tsaro bayan ranar da aka ɗora tsarin, sai ka kwaso su duka tare, in ba haka ba dpkg zai ƙi.

Baba_Marwa

Salamu alaikum. Na karanta abin da kowa ya rubuta, kuma ina so in ɗan saɓa wa ɗana Aminu, ba a kan gaskiyar maganarsa ba, a kan ƙa'idar da ya kafa. Na fara taɓa tsarin Unix tun ana shigar da manhaja da faifai, kuma abin da na sani game da yadda laburarori ke ƙulluwa da juna ban koye shi daga apt ba, na koye shi ne daga irin wannan tuntuɓe da Malam Sani ya yi. Shi malami ne, ɗalibansa za su fita su yi aiki a wuraren da ba su da ikon sudo, ko a kan tsohuwar sabar da masu ita suka daina sabuntawa. CentOS 7, alal misali, Readline 6.2 ke kansa, kuma har yanzu ana samunsa a ofisoshi. Wanda bai taɓa harhaɗa laburare ba zai tsaya cak a gaban irin wannan na'ura.

Kuskuren Malam ba harhaɗawa ba ne, wurin da ya zuba abin ne. Da ya rubuta ./configure --prefix=$HOME/kayana, da komai ya sauka a cikin gidansa, wato foldarsa ta $HOME, ba sudo, ba ldconfig, kuma gawk ba zai ma san an yi wani abu ba. Sannan a wajen make sai ya ƙara SHLIB_LIBS=-ltinfo domin laburaren ya fito da abokin tafiyarsa. Masu Linux From Scratch suna yin irin wannan da -lncursesw, kuma tun daga 8.2 configure ɗin kansa yana da zaɓin --with-shared-termcap-library. Daga nan sai a nuna wa Python inda kayan suke: CPPFLAGS ya nuna foldar include, LDFLAGS ya nuna foldar lib tare da -Wl,-rpath domin manhajar ta riƙe hanyar a jikinta. Na fi son rpath a kan LD_LIBRARY_PATH, domin shi wannan na biyun yana bin duk manhajar da aka tayar daga wannan taga, sai a koma gidan jiya, gawk ya sake cin karo da laburaren da ba nasa ba.

Aminu_Kusiri

Baba, na ji kuma na amfana, musamman batun rpath. Amma ina roƙon a duba ɗaya gefen. Laburaren da aka girka da hannu ba ya cikin lissafin dpkg, saboda haka idan aka gano wata ɓaraka aka fitar da gyara, apt zai gyara na tsarin ya bar na hannu yadda yake. Kwamfuta 12 ne, malami ɗaya ne, kuma bayan shekara biyu shi kansa ba lallai ya tuna abin da ya zuba a ina ba. Ban hana koyo ba, amma a yi shi a kan na'urar gwaji, ba a kan wadda ake lissafin kuɗin makaranta ba.

Baba_Marwa

A kan raba na'urar gwaji da ta aiki ba mu da saɓani, ɗana. Batun mantuwa kuma yana da magani: make install DESTDIR=/tmp/gwaji yana zuba komai a wuri guda ka ga jerin fayilolin kafin su taɓa tsarin, kuma GNU Stow ko checkinstall suna riƙe lissafi. Ni dai ba na goge foldar harhaɗawa, domin ba don Malam Sani ya bar tasa ba, da make uninstall bai samu ba, sai ya bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya yana cirewa, har da na /usr/local/include/readline waɗanda mutane suka fi mantawa.

Ummi_Gidar

Ina da tambaya ga Malam Sani: shin 8.2 ɗin da ka sauko da shi ka liƙa masa facinsa, wato ƙananan gyare-gyaren da aka fitar bayansa? Na tambaya ne saboda abin da ya faru da ni a bara. Na harhaɗa 8.2 yadda ya fito, na ƙulla shi da wata 'yar manhaja ta C, sai ta riƙa mutuwa da zarar ta kai wurin karɓar layin farko, a kan kwamfutata kaɗai, a ta abokiyar aikina kuwa lafiya lau. Na kwana biyu ina zargin rubutuna. Ashe ni ce na saka LANG=fr_CM.UTF-8 a .profile, ina ganin tunda Faransancin Kamaru nake amfani da shi haka ya dace. Da na yi locale -a sai na ga babu fr_CM a jerin, glibc, babban laburaren C na tsarin, ba ta zo da shi ba, fr_FR da fr_BE da fr_CA da makamantansu ne ke nan. Readline 8.2 na asali yana faɗuwa idan aka ba shi sunan yare da tsarin bai sani ba, kuma facin farko da aka fitar, readline82-001, wannan matsalar ya gyara.

Chet Ramey, wanda ke kula da Readline da Bash, ba ya sake fitar da babban fayil a kan kowane ƙaramin gyara, yana ajiye facin ne a foldar readline-8.2-patches, a liƙa su bi da bi da patch -p0 kafin configure. Wanda ya ɗauki babban fayil kaɗai ya tafi, ya ɗauki laburaren yadda yake a watan Satumba na 2022.

Injiniya_Dang

Malama Ummi ta kawo abu mai amfani ƙwarai, kuma zan ƙara cewa ssh yana iya ɗaukar LANG da LC_ALL daga kwamfutarka ya kai su sabar da ka shiga, don haka mutum zai iya jawo wannan faɗuwa a na'urar da shi bai taɓa saitinta ba. Daga baya an fitar da readline-8.2.13 wanda aka haɗe facin a ciki, kuma 8.3 ya fito a 2025 tare da Bash 5.3. Sigogin biyu tare suke tafiya: 7.0 da Bash 4.4 a 2016, 8.0 da Bash 5.0 a 2019, 8.1 da Bash 5.1 a ƙarshen 2020. Wannan batu na faci, a gaskiya, yana ƙarfafa hujjar Malam Aminu ne, domin masu Debian da Ubuntu su ke ɗaukar wannan wahala a madadinmu.

Kuma duk wanda zai sauko da tushe, ya sauko da fayil ɗin .sig da ke gefensa ya tantance da gpg --verify. A irin layinmu da ke yankewa a tsakiyar saukarwa, da filashin da ke yawo hannu zuwa hannu, wannan ba ƙawa ba ce.

MalamSani_Garwa

Malama Ummi, ban liƙa ko ɗaya ba, ban ma san da su ba. Na duba kwamfutocinmu, fr_FR.UTF-8 ke kansu, shi ya sa ban ga abin da kika gani ba. Tunda an taɓo batun yare, ina da wata damuwa da ta daɗe tana damuna. Ɗalibaina suna rubuta sunaye da kalmomin Hausa da Fulatanci, masu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. A wata tsohuwar kwamfuta na lura idan aka rubuta ɗ aka danna maɓallin gogewa, harafin ba ya tafiya gaba ɗaya, sai wata alama ta rage. Shin wannan yana da alaƙa da yadda aka harhaɗa Readline?

ƊanFulbe_Ngaundare

Malam, da wuya ya zama daga harhaɗawa ne, domin goyon bayan haruffa masu bait fiye da ɗaya a kunne yake tun asali, sai wanda ya kashe shi da gangan da --disable-multibyte. Kowane ɗaya daga cikin ɓ, ɗ, ƙ da ƴ bait biyu ne a UTF-8, haka ma ŋ namu na Fulatanci. Readline yana duba LC_ALL, sannan LC_CTYPE, sannan LANG domin ya san yadda zai ƙirga. Idan ya tarar da C ko POSIX, kowane bait harafi ne a wurinsa, sai gogewa ɗaya ta cire rabin ɗ ta bar rabi. Ka rubuta locale a waccan kwamfutar ka gani. Idan ka mayar da ita fr_FR.UTF-8 ko C.UTF-8 matsalar za ta tafi. Akwai ma ha_NG a glibc ga mai so, ana kunna shi da locale-gen.

Idan bayan haka haruffan suna fitowa kamar lambobi masu karkatacciyar sanda a gabansu, sai a duba ~/.inputrc: input-meta da output-meta su kasance on, convert-meta ya kasance off. Na taɓa gadon wata na'ura da wani ya kwafo tsohon inputrc ya saka mata, é na Faransanci ma ba ya shiga.

Tijjani_Abeche

Mu a nan Chadi Larabci ne ke gabanmu, tunda shi da Faransanci ne harsunan hukuma. Abin da na gani shi ne Readline yana riƙe haruffan Larabci daidai, yana kuma gane cewa wasula ba su da faɗi a kan allo, amma jera rubutu daga dama zuwa hagu da haɗa haruffa ba aikinsa ba ne, aikin tagar umarni ne. Mutane suna sake harhaɗa laburaren suna neman gyara, alhali sauya tagar ya kamata su yi. Konsole da mlterm sun daɗe suna iya wannan, GNOME Terminal ma na shekarun nan yana yi.

Hajara_Injamena

Ku gafarce ni zan ɗan karkatar da zancen zuwa lasisi, domin ya shafi abincina. Na rubuta wata manhajar lissafin kayan shago da C, tana aiki a layin umarni saboda kwamfutocin 'yan kasuwar da nake sayar wa ba su da ƙarfi. Ina so in saka mata gyaran layi da tunawa da umarnin baya. Na gwada Readline, layi kaɗan ne: a kira readline, a miƙa sakamakon ga add_history, a sake shi da free, kuma idan ya dawo da NULL an danna Ctrl-D ke nan. Ya yi kyau sosai. Amma wani ya gaya mini cewa idan na ƙulla da shi dole in saki tushen manhajata. Gaskiya ne?

Injiniya_Dang

Gaskiya ne, Hajiya, gwargwadon yadda masu lasisin suke fassara shi. Readline yana ƙarƙashin GPL ne, ba LGPL ba kamar glibc, kuma tun daga 6.0 a 2009 siga ta 3 ce. Da gangan aka yi hakan: Richard Stallman ya sha kawo Readline a matsayin misalin laburaren da aka bar shi a GPL domin ya ja wasu manhajoji su zama a buɗe. Sanannen labari shi ne na CLISP, wanda marubucinsa Bruno Haible ya yi musayar wasiƙu da Stallman a 1992 a kan wannan batu, daga baya ya saki manhajar a ƙarƙashin GPL. Lasisin bai hana ki sayarwa ba, kuma idan a shagonki kaɗai kike amfani da ita babu abin da ya hau kanki. Amma ranar da kika miƙa wa wani kwafi, yana da haƙƙin karɓar tushen, yana kuma da haƙƙin ya ba wani.

Idan ba ki shirya wa hakan ba, akwai libedit, wanda ya samo asali daga NetBSD kuma lasisinsa na BSD ne. Yana da fayil mai kwaikwayon readline.h, saboda haka sau da yawa sauya -lreadline zuwa -ledit da gyara layin include ya isa. Shi ne Apple ke sakawa a macOS. A Ubuntu ƙunshinsa libedit-dev ne, saitinsa kuma a ~/.editrc yake, ba ya karanta inputrc. Akwai kuma linenoise na Salvatore Sanfilippo, marubucin Redis, wanda fayil ɗin C ɗaya ne da na .h ɗaya, ana jefa su cikin manhaja kai tsaye ba tare da configure ba.

Baba_Marwa

'Yata Hajara, kafin ki yanke shawara ki gwada haruffan da kwastomominki za su rubuta a kan duk wanda kika zaɓa, Larabci da Faransanci da masu ƙugiya, domin ba duka suke daidai da Readline a wannan fanni ba, musamman tsofaffin sigogi. Akwai kuma hanya ta uku wadda ba ta buƙatar ki ƙulla komai: rlwrap. Ƙaramar manhaja ce da ke tsayawa tsakanin mai rubutu da manhajarki, ita ke amfani da Readline, taki kuma tana karɓar layin da aka gama gyarawa kamar yadda ta saba. Da Malam Sani ya san da ita, ko Python ɗinsa marar Readline zai iya tayarwa da rlwrap python3.12 ya samu kibiyoyinsa, ko da yake cike suna da maɓallin Tab ba zai yi kamar na asali ba.

Hajara_Injamena

Na gode Baba, na gode Injiniya. Zan gwada libedit a wannan makon. Gaskiya ina kuma tunanin ko sakin tushen zai cutar da ni kamar yadda nake tsoro, tunda abin da 'yan kasuwar ke biya a kai shi ne zuwana in gyara musu idan ta tsaya, ba rubutun kansa ba. Ban yanke ba tukuna.

Sadiya_Yagwa

Ni ɗaliba ce, ina bin wannan zance tun farko kuma na koyi abubuwa da yawa. Ina da ƙaramar tambaya. An koya mana cewa Alt da ɗigo suna dawo da kalmar ƙarshe ta umarnin da ya wuce, amma a allon madannai na Faransanci da muke da shi ɗigo sai da Shift, lambobi ma haka, yatsu uku ke nan a lokaci guda. Akwai yadda za a sauƙaƙa?

ƊanFulbe_Ngaundare

Akwai, ƙanwata. Duk inda aka ce Alt da wani maɓalli, za ki iya danna Esc ki saki, sannan ki danna maɓallin. Haka kuma Esc da ƙaramin layin ƙasa yana yin aikin da Esc da ɗigo ke yi, kuma a allon AZERTY wannan layin yana kan maɓallin 8 ba tare da Shift ba. Idan kina so ki ɗaura aikin a wani maɓalli dabam, sunansa yank-last-arg, sai ki rubuta shi a ~/.inputrc. Ki fara fayil ɗin da $include /etc/inputrc, domin da zarar kin ƙirƙiri naki ba a ƙara karanta na tsarin, sai ki ga Home da End sun canza hali. Ctrl-X sannan Ctrl-R yana sake karanta fayil ɗin ba sai kin rufe taga ba. Abin da kika saita a nan zai bi ki cikin Bash da Python da gdb da duk abin da ke amfani da Readline.

MalamSani_Garwa

Ga inda na kwana. Na bi hanyar Hajiya Hajara, na sauko da ƙunsosin a kwamfuta ɗaya, kuma kamar yadda ta yi gargaɗi sai da na haɗa da sabon libtinfo6 da libncursesw6 da libncurses6. Na koma foldar Python na yi make distclean, na sake configure, na yi make, sannan make altinstall domin kada ya danne python3 na tsarin. An ɗauke wuta ana tsakiyar make, da ta dawo na sake kiransa ya ci gaba daga inda ya tsaya. Yanzu import readline yana wucewa ba ƙorafi, kibiyoyi suna aiki, Ctrl-R yana nemo tsohon layi. Tsohuwar kwamfutar nan kuwa LANG=C ke kanta kamar yadda ɗan uwa na Ngaundare ya yi hasashe, na gyara, ɗ yana goguwa da dannawa ɗaya.

Duk da haka ban bar shawarar Baba ba. Na ware kwamfuta ɗaya wadda babu lissafin kowa a kanta, kuma ranar Asabar zan sa manyan ɗalibai su harhaɗa Readline a cikin gidajensu da --prefix, sau ɗaya ba tare da SHLIB_LIBS ba, sau ɗaya da shi, su kwatanta abin da ldd ya nuna.

Aminu_Kusiri

Madalla Malam. Ina nan dai a kan ra'ayina cewa darasin farko da ya kamata su ji shi ne apt search da sunayen ƙunsosi masu ƙarewa da -dev, domin PostgreSQL ma idan configure ɗinsa ya ce bai ga readline ba, wannan ƙunshin yake nema, haka Lua 5.4 idan aka yi make linux-readline. Sau tara cikin goma a aikin da za su tarar, nan maganar za ta tsaya. Kuma idan ka kai ga Python 3.13, ka sani sun sake rubuta wurin shigar da umarninsa da Python kansa, don haka halin kibiyoyin ba zai zama daidai da abin da ka gani a 3.12 ba.

Ummi_Gidar

Malam Sani, idan za su yi gwajin ranar Asabar, ka sa su liƙa facin da hannunsu maimakon ɗaukar 8.2.13 da aka riga aka haɗa, kuma kafin su liƙa su tayar da ƙaramar manhajar gwaji da LANG=fr_CM.UTF-8 su ga faɗuwar da idonsu. Akwai misalai a foldar examples ta cikin tushen, rlbasic.c da fileman.c, ba sai sun rubuta tasu ba.

Baba_Marwa

Shawarar Ummi ta yi. Abu ɗaya zan ƙara domin kada ya ruɗe su: idan suka yi make install karo na biyu a wuri ɗaya, za su ga fayiloli masu ƙarewa da .old a foldar lib, domin Readline yana sauya wa tsohon laburare suna kafin ya ajiye sabo. A cikin gidansu wannan ba komai ba ne, amma su yi make clean tsakanin gwajin farko da na biyu, in ba haka ba make zai ga laburaren yana nan ya ƙi sake ƙulla shi, ldd kuma ya nuna musu abu ɗaya sau biyu. Malam Sani, ka turo mana abin da ldd ya fitar a duka gwajin biyu, ina so in ga ko -ltinfo kaɗai ya wadatar a 22.04 ko sai an ƙara --with-curses a configure.